Kwanon Idirisa

"Duba nan, Fasuma, don Allah duba nan! Yau ma loma biyu ya gutsura ya ruhe mini kwano. Mako uku ke nan, yadda na tura tuwo Jiratawa haka yake komo mini Maraɗi. Tuwon ga ya kusa hin ɗan nawa sanin hanya."

Balki ce ke wannan ƙorafi. Tana tsaye jikin dangar da ta raba gidanta da na maƙwabciyarta a unguwar Zariya, ta ɗaga marfin kwano tana nuna mata. Fasuma ta leƙo ta saman danga, ta ga tuwon jar dawa zaune daram da miyarsa ta kuka, ta kwashe da dariya.

"Ke dai Balki ba ki da godiya. Shekarar ga da kowa ke lasar kwano har ya ga huskarsa a ciki, ke kukan ragowa kike? Miƙo shi nan, ina da bakuna bakwai da suka rasa aikin yi."

Balki ta miƙa mata, don ita ba ta yarda a wulaƙanta abinci ba ko a shekarar ƙoshi, balle wannan. Amma ba ta yi dariyar ba.

Shekarar kuwa ba ta wasa ba ce. Ruwa ya ɗauke tun gero bai kai gwiwa ba, ya bushe a tsaye. Iyaka a rufe, kasuwa ta yi sanyi, mutanen ƙauye sun cika bakin gari da 'yan komatsansu. Soja ke mulki, su ne kuma ke tsayawa kan layin rabon jar dawa ta taimako. Wanda duk yake da ɗan fili a gonakin ban-ruwa na Jiratawa, ana yi masa kallon mai arziki, don can ko sama ta hana, famfo na ba da ruwa, kowa da ranarsa.

Balki na da irin wannan fili. Mijinta ne ya bar shi da ya rasu shekara biyu da suka wuce, ya bar mata shi da ɗansu guda, Idirisa, saurayi ɗan ashirin da uku. Ita Baba take ce masa, don sunan mahaifinta ya ci. Ka'idar wurin kuwa sananniya ce: filin da aka bari ba aiki, wani ake ba. Shi ya sa kullum da an sallame asuba Idirisa zai ɗaure kwanonsa bayan keke ya nufi Jiratawa. Ya yi nasu aikin, ya shiga na mutane ƙwadago, sai magariba ya komo.

Yabo kam ana yi masa. Duk wanda ya zo daga can sai ya tsaya ƙofar gida ya ce, "Balki, kin haihu! Yaron nan aikin mutum uku yake, ko zama ba ya yi." Tun tana amsawa da murmushi har ta daina. Ita ke wanke masa kaya, ta ga ya ƙara wa mazagin wandonsa ƙulli. Ta ga kumatu sun zurma, leɓe ya tsage, ido ja wur. Yana zaune kawai sai ka ji haƙoransa na gurzar juna ƙiris-ƙiris. In ya kama surutu ba ya shan iska, in kuma ka ce masa sannu sai ya taso maka da faɗa. Barci ya ƙaurace masa. Abin da ya fi ci mata rai sallarsa: kafin ta gama Fatiha shi ya sallame ya naɗe tabarma.

"Baba, mi ke damunka?"

"Ni? Garau nake, Inna! Ban taɓa jin ƙarhi irin na bana ba. Bari ki gani, in albasar ga ta yi, zan sai miki katifa, in sai rediyo, in ɗaga katangar ga da bulo, in..."

"Ci tuwo tukuna."

"Na ƙoshi."

"Da mi?"

Sai ya tashi ya fita.

Ta kai shi wurin malam an yi masa rubutu, ya sha don kada ta yi fushi. Wata tsohuwa ta ce iska ne, a nemi 'yan bori. Balki ta ce ita iskan da ke sa mutum noma bai taɓa zuwa danginsu ba. Ran nan tana zazzage aljihunsa za ta yi wanki, sai ga 'yan ƙwayoyi farare ƙanana a ƙunshe cikin takardar siminti. Da ta tambaye shi ya ce na ciwon kai ne, wurin wani mai tebur yake saye a bakin hanya. Ta ce to, Allah ya sawwaƙe. Guda huɗu da suka zube ƙasa ta tsince, ta ƙulle a bakin mayafi, don magani ba abin yarwa ba ne.

Ranar Talata aka yi rabon dawa. Tun hantsi suke kan layi ita da Fasuma, rana ta take, ga ƙishirwa, ga hayaniya. Kan Balki ya fara sarawa kamar ana buga masa taɓarya. Sai ta tuna da ƙullin mayafi. Ta roƙi ruwa a butar wata mata, ta yi bisimilla, ta haɗiye biyu, don a ganinta ɗaya ta yi ƙanƙanta.

Kafin layi ya iso kansu ciwon kai ya tafi. Ciwon gwiwar da take fama da shi tun haihuwar Idirisa, shi ma ya tafi. Ta ji kamar an zare mata shekara ashirin. Ta fara gyara layi. Ta gaya wa matan gaba su matsa, ta gaya wa na baya su yi haƙuri, ta juya ta gaya wa sojan da ke tsaye cewa maɓallin rigarsa na shirin faɗuwa, ya kawo ta ɗinke masa. Fasuma ta ja mata zane, tana cewa ƙasa-ƙasa, "Ke, soja ne fa!" Shi ko sojan, yaro ne ƙarami, ya dubi maɓallin ya kau da kai yana danne dariya.

Da aka auna musu, Balki ta haɗa nata da na Fasuma ta ɗora a ka. Ba ta sauke ba sai tsakar gida, Fasuma na biye tana haki tana kiran sunanta. Ta jawo turmi ta surfa nata. Ta surfa na Fasuma. Ta leƙa gidan gaba ta karɓo nasu ta surfa. Ta share tsakar gida, ta share ƙofar gida, ta bi titi da tsintsiya har bakin masallaci, liman na fitowa ya ja da baya. Ta komo ta kwashe wankin da ta shanya jiya, busasshe, ta sake wanke shi. Duk wannan bakinta bai tsaya ba. Ta ba Fasuma labarin aurenta tun daga ranar da aka kawo goro har sunan jakin da ya ɗauko kayanta daga Tibiri.

Matan unguwa suka taru a bakin danga suna kallo. Ɗaya ta ce, "Balki, in kin gama, rufin ɗakina na yoyo."

"Ina zuwa!" in ji Balki, kuma da gaske take.

La'asar ce ta tsayar da ita. Ta yi alwala ta kabbara, sai ta ji zuciyarta na dukan ƙirji kamar kalangu. Ta karanta Fatiha, ba ta san ko ta karanta ba, ta sake. Ta rasa raka'a ta nawa take. Ta sallame ta sake kabbarawa, har sau uku. Da ta zauna tahiya, sai ta ji wani sauti a cikin kanta, ƙiris-ƙiris. Haƙoranta ne.

Nan ta tsaya cak. Ta san wannan sautin.

Fasuma ta kawo mata tuwo da magariba, ta ce ladar surfe. Balki ta buɗe, ta gutsuri loma, ta ji kamar ƙasa ta sa a baki. Ta gutsuri ta biyu. Ta rufe kwanon. Sai ta zauna tana kallon marfin, ta ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un."

Ba ta runtsa ba har asuba. Washegari kuwa sai ga gajiyar duka ta zo da 'yan rakiya. Gwiwa ta kumbura, baya ya ƙage, kafaɗa kamar an yi mata dukan sata. Ta zauna ta yi ta kuka ba ta san dalili ba, ita da ko ranar rasuwar mijinta sai da ta sallami baƙi kafin ta zubar da hawaye. Wani abu kuma na raɗa mata cewa ai saura biyu a bakin mayafi, ta haɗiye ɗaya mana ta miƙe. Wannan raɗar ta fi komai ba ta tsoro. Ta yi istigfari, ta rarrafa ta ɗauki mayafin, ta ce Fasuma ta raka ta gidan likita.

Majo Shaibu, babban ma'aikacin jinya na wurin, dattijo ne mai tabarau a kan hanci. Ya juya ƙwayar a tafin hannu, ya saurari labarin sharar titi, ya yi dariya har ya cire tabarau ya goge ido. Sa'an nan ya daina.

"Hajiya, wannan samari ke kira a-ji-garau. Ba ƙarhi take ba mutum ba. Kin ga jakin da ya gaji ya kwanta, a sa masa bulala ya tashi da gudu? To ita ce bulalar. Jakin bai ci ba, bai huta ba, gudu kawai yake har ya faɗi. Tana kashe yunwa, tana kashe barci, tana cin zuciya da haƙora. Wasu kansu ke juyewa, su riƙa ganin ana bin su. Wata nawa yana sha?"

"Tun da damina ta lalace, ina jin."

"Ki kawo mini shi in auna shi. Amma magani na gaskiya ba ya cikin kabad ɗin nan. Ki raba shi da mai teburin, ki raba shi da aiki har kwana goma sha biyar. Zai yi barci kamar gawa, zai yi baƙin rai, zai tsani kowa har ke. Kada ki biye masa. Ki yi ta aje masa abinci ko bai ci ba. Sha'awarta kan komo ko bayan wata da watanni, sai an sa ido. Amma ranar da ya cinye ya ce a ƙara masa, ki san ɗanki ya kamo hanyar gida."

Ya riƙe ƙwayoyin biyu, ya ba ta asfirin saboda gwiwa.

Ba ta jira magariba ba. Ta shiga motar Jiratawa, ta sauka ta bi bakin kanal, babbar magudanar ban-ruwa, tana ɗingishi, tana gaida mutane. Ko'ina kore shar, kamar ba a ƙasar da ake yunwa ba. Ta hango shi a filin wani yana sara ƙasa shi kaɗai, sauran ma'aikata na hutawa a inuwa. Jini na ɗiga daga hancinsa kan riga, bai ma sani ba.

"Baba, aje hauyar ga ka zo."

"Inna! Mi ya kawo ki? Wa ya mutu?"

"Ba wanda ya mutu tukuna. Zauna."

Ta goge masa hanci da bakin mayafi. Ta ba shi labarin jiya tsaf, ba ta rage ko liman ba. Tun yana kallon ƙasa har ya ɗago a firgice.

"Biyu kika sha? Biyu, Inna? A shekarunki?"

"Kai nawa kake sha?"

Can ya ce, "Huɗu. Wata rana biyar. Inna, ba don daɗi ba ne. In ban sha ba ko hauya ba na iya ɗagawa. Ga dashen albasa ya matso, in ranar ruwanmu ta zo ba mu dasa ba, shi ke nan, hilin babana ya tahi. Da mi za mu ci?"

"Da mi muke ci yanzu? Fasuma ke ci."

Ta kwance bakin mayafi, ta fito da farar ƙwaya guda ta riƙe tsakanin yatsu inda zai gani.

"Ga yadda za mu yi. Ba zan yi maka baki ba, ba zan kai ka wurin kowa ƙara ba. Amma duk ƙwayar da ka haɗiya, ni ma zan haɗiyi ɗaya. Ka sha huɗu in sha huɗu. Aiki ya yi yawa, gara mu kama maka. Ta yau ka riga ka sha, ko? To bisimilla."

Ta kai hannu baki. Ya yi tsalle ya riƙe mata wuyan hannu da hannu biyu.

"Kada ki sha! Wallahi zuciyarki ba za ta ɗauka ba, Inna, kashe ki za ta yi!"

"Au, ka san tana kisa? Taka zuciyar maƙera suka ƙera ta?"

Ya sake ta, ya zauna a kan kunya ya rufe fuska. Ya fashe da kuka. Ta bar shi ya yi mai isarsa, sa'an nan ta ce ya juye aljihu. Ya juye. Ta haƙa rami da hauyarsa ta binne ƙwayoyin, ta tattake da ƙafar da ba ta ciwo. Asfirin ɗin da ta yi barazana da shi kuwa ta haɗiye abinta a mota bayan ya kau da kai, don gwiwar ta dame ta. Ta roƙi Allah gafara, ta kuma gaya wa Allah cewa ai ita ba ta ce ko wace ƙwaya ce a hannunta ba.

Majo ya auna shi, ya girgiza kai, ya ce an zo da sauran lokaci. Daga nan ba ta bari ya kwana Maraɗi ba, ta wuce da shi Tibiri gidan yayanta Gado, maƙeri, mutum mai faɗin ƙirji da muryar da ake ji daga bakin kasuwa.

"Wanga ne ɗan namu?" in ji Gado, yana zagaya shi. "Ni na ɗauka sandar kiwo kinka zo da ita. Shigo, ɗan Maraɗi. Nan ba mu da tebur, sai uwar maƙera."

Kwana biyu Idirisa na barci, sai a tashe shi salla da kunu ya koma. Rana ta uku ya tashi da baƙin rai, ya ce kunun ba gardi, ya ce kajin gidan sun cika surutu. Rana ta huɗu da hantsi ya lallaɓa bayan rumbu inda aka jingine kekensa, wanda aka kawo masa daga Jiratawa. Ya tarar da keke ba ƙafar gaba. Ya ɗaga kai, ga ta can rataye a saman maƙera.

"Kawu, wa ya cire mini ƙafar keke?"

"Ni. Na ga ta gaji ne, na ce ta huta kamar mai ita. In kana jin ƙarhi, zo ka kama mini zuga."

Ya zagi keken, ya zagi Tibiri, ya ce an mai da shi ɗan kaso. Balki na gefe tana tsinke zogale, ko ɗaga kai ba ta yi ba. Da ya gaji ya zo ya zauna ga zuga-zugi. Ya yi kaɗan hannu ya mutu, Gado ya ce ko matarsa ta fi shi, ya sake kamawa don haushi. Ran nan ya ci loma biyar. Balki ta ƙirga daga nesa, ta yi kamar ba ta gani ba.

Sauran damuwa fili. Ranar ruwa na ta matsowa, irin albasa ya isa dashe. Balki ta ce za ta kira gayya.

Gado ya dube ta. "Gayya? Bana? Wa kinka ji ya kira gayya bana? Mai gayya shi ke ciyarwa, Balki. Ai shi ya sa ƙwayar ga ta samu wuri. Masu hili sun ga ba su da tuwon ba ma'aikata, sai su jiƙa ta cikin shayi ko kahi su ba su, a yi aiki ba a nemi abinci ba."

"To ni tuwo zan ba su. Kai dai kawo mini mutane da makaɗi."

Ta koma Maraɗi ta tsaya bakin danga. Ba ta ɓoye komai ba, ta gaya wa matan unguwa abin da ya samu ɗanta da abin da ya sa ta share titi. Aka yi dariya har da riƙe ciki. Bayan dariyar sai aka fara duban juna, don ashe ba ita kaɗai kwano ke komo wa ba. Wata ta ce ƙanenta ma haka yake gurzar haƙora. Wata ta ce mijinta. Fasuma ce ta fara shiga ɗaki ta fito da tiya guda ta jar dawa.

"Ungo. Tuwon ɗanki ne da muka ci mako uku, ya komo gida."

Kowa ta kawo abin da ta iya, wata dawa, wata daddawa, wata ɗan ƙuli-ƙuli. Zogale kuwa ga shi nan jere a gefen filin, tun wanda marigayi ya shuka.

Ranar gayya tun da sassafe mata shida suka kafa tukwane a ƙarƙashin bedi a bakin kanal. Gado ya iso da amalanke biyu cike da mutanen Tibiri, da makaɗinsa, da Idirisa zaune a baya yana ƙifta ido, kwana goma sha biyu rabonsa da wurin. Samarin Jiratawa abokan aikinsa su ma suka zo, don an daɗe ba a ji gangar gayya ba. Makaɗi ya ɗaga gula zai fara, Balki ta ɗaga muciya.

"Dakata! A gayyata ba a ci bayan aiki. Kahin aiki ake ci. Kowa ya zo gabana ya cinye malmala guda da kwaɗo, ina kallo. Wanda ya cinye ya shiga hili. Wanda ya kasa, ga inuwa can, ya zauna, ni da shi akwai magana."

"Yau ga sabon salo," in ji wani dattijo. "Ni dai a fara da ni, kada dokar ta canza."

Mutanen Tibiri suka yi layi. Kafin ka ce mene ne wannan sun share nasu suna siɗe yatsu. Gado ya koma bayan layi ya sunkuyar da kai wai ko ba za a gane shi ba, Fasuma ta kore shi da ludayi. Da aka zo kan samarin Jiratawa sai tafiya ta canza. Wani dogo mai suna Abdu ya karɓi kwano, ya yi loma ɗaya, ya tsaya yana juya ta a baki.

"Inna, ni na karya a gida."

"A shekarar ga? Gidan wa? Nuna mini gidan in koma can. Wuce inuwa."

Na bayansa ya ce azumi yake. Balki ta ce Allah ya karɓa, mai azumi ba ya dashe a rana, wuce inuwa. Na uku ya yi dabara ya tura tuwon cikin aljihu, miya ta tona shi ta biyo ƙafar wando. Wuri ya kaure da ihu. Makaɗi bai bar abin ya wuce ba, nan take ya sa musu kiɗa yana kiran su 'yan inuwa, masu shiga fili na amsawa. Su biyar aka tara. Tun suna ɓata rai har su ma suka fara dariya, Abdu na cewa a yi masa rai kada labarin ya kai gidansu.

"Ya riga ya kai," in ji Balki. "Gobe da sahe ku biyar ku same ni ƙofar gidan likita. Wanda bai zo ba, ni zan zo, kuma kun ji abin da na yi wa titin Zariya."

Ganga ta tashi. Mutane suka jeru a kan kunya, masu huda na huda, masu dasawa na bi, mata na guɗa daga bakin tukwane. Aikin da Idirisa zai kwana bakwai yana yi da ƙwaya a ciki, kafin azahar an kai ƙarshensa. Mai buɗe ruwa ya zo ya ɗaga ƙofar kanal, ruwa ya gangaro yana bin layi ɗaya bayan ɗaya, 'yan albasa suka tsaya a cikinsa kore-kore. Gado ya shiga rawa da laka har gwiwa.

Shi Idirisa, tun da safe ba ta sa shi a layi ba. Ta zuba masa nasa a kwanonsa na kullum, wanda ya san hanyar Jiratawa, ta aje masa a gindin zogale. Ta hana kanta duban wajen. Sau biyu wuyanta na juyawa tana mai da shi. Ta ba shi baya, ta rabar da sauran tuwon ga masu fitowa daga fili, ta kankare tukunya ta farko, da ta biyu, ta ba yaran da suka taru ƙanzo, ta zuba ruwa a ta ukun ta fara wankewa. Ko na bakinta ba ta rage ba.

Sai ta ji Fasuma ta taɓa ta da gwiwar hannu.

Ta juyo. Yana tsaye bayanta, rigar ta yi masa yawa, ƙafafunsa da laka don ashe ya saci jiki ya dasa layi guda. Ya riƙe kwanon da hannu biyu. An sharce shi tas, har da sawun yatsa a gefe. Ya dubi tukwanen da ke kife, ya dubi wadda ke hannunta cike da ruwan wanki, ya sosa ƙeya kamar lokacin da yake yaro.

"Inna," ya ce, "ban ƙoshi ba. Ko ɗan ƙanzo ne, a ƙara mini mana."